Sarkin yawa ya tsaya a ƙofar gida

 Yau maganar gida za mu yi, da maganar takardar da maƙwabta ke rubuta ma kansu don zaman unguwa, da abin da ke biyo baya ranar da wasu sunka tashi sunka ce a sake ta.

Tambayar gajeruwa ce. Mutum ya sayi wuri bisa wasu sharuɗɗa, ya biya kuɗɗinsa, ya gina, ya zuba iyalinsa. Bayan shekaru maƙwabtansa sun taru, sun ɗaga hannu, sun canza sharuɗɗan. Shin dole ya bi, don kawai sun fi shi yawa? Hausawa sun ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, kuma gaskiya ne. Amma a ganinmu ko sarkin yawa yana da iyakar ƙasarsa. Yana mulkin titi da kwalbati da fitilar kan hanya, duk abin da jama'a sunka haɗa. In ya iso ƙofar gidan mutum kuwa, sai ya yi sallama ya jira a amsa mashi.

Za mu fara da Amurka, don can ne wagga magana ta fi girma, kuma can ne alƙalai sunka daɗe suna tauna ta. Ba ta yi mana nisa ba kamar yadda ake zato. Duk mai ɗan'uwa a Girinsboro, cikin jahar Karolina ta Arewa, ya san yawan ƴan Nijar da ke zaune can. Wasunsu sun kai ga sayen gida, kuma cikin saƙonnin murya da suke aiko mana akwai haruffa uku da ke yawan dawowa: HOA, wato ƙungiyar masu gidaje ta unguwa.

Ga yadda abin yake. Kamfani ya sayi fili, ya yanka shi parsal-parsal kamar yadda ake lotisma a wurinmu. Tun bai saida ko ɗaya ba, sai ya rubuta takardar sharuɗɗa ya kai ta ofishin rajistar filaye. Daga ranar sharuɗɗan sun manne ma ƙasar. Duk wanda ya sayi gida a wurin ya zama ɗan ƙungiya, ya so ko bai so ba, kuma ba ya fita sai ranar da ya saida gidan. Zai riƙa biyan kotizasiyo. Takardar tana iya faɗin kalar fentin da zai shafa, tsawon shingensa, inda zai aje motarsa, irin dabbar da zai kiwata, da ko yana da damar ba da haya. In ya saɓa, a ci shi tara. In bashin kotizasiyo ya taru, ƙungiya tana ɗora shi bisa gidan, kuma a jahohi da yawa tana iya kai maganar har a yi gwanjon gidan. Sama da mutum miliyan 70 ke zaune ƙarƙashin irin wanga tsari a Amurka, cikin ƙungiyoyi sama da 350,000. Kenan fiye da mutum ɗaya cikin biyar.

Kusan kowace irin wagga takarda tana da wani ɗan layi can wajen ƙarshe, wanda mai sayen gida ba ya kai idonsa gare shi don ɗokin karɓar makulli. Layin yana cewa ana iya gyara takardar in masu rinjaye sun amince. Mafi yawan rigimar daga wanga layi take fitowa.

A cikin ita Karolina ta Arewa ɗin, a gundumar Henderson, akwai wata ƴar unguwa mai suna Ledges, parsal 49, da anka yanka a 1988. Ba ta da wurin wanka na haɗin gwiwa, ba ta da lambu ko zauren taro na jama'a. Abu guda masu gidajen sunka ɗauki nauyin biya tare: kuɗɗin wutar da ke haska allon sunan unguwar a bakin hanya. Rabon kowane gida bai wuce dalar Amurka 7 da ƴan kai a shekara ba. Sannu a hankali ƙungiyar ta fara aiko da takardar biyan dala 80 zuwa 100 a shekara, don yankan ciyawar gefen hanya, kwashe ƙanƙara da biyan lauyoyi. Da wasu sunka yi ƙorafi, sai masu rinjaye sunka gyara takardar a 2003, sunka ba ƙungiyar ikon aza kuɗɗi don duk abin da ta ga zai amfani mazauna, tare da ikon ɗora bashin bisa gidan wanda bai biya ba.

Waɗanda ba su yarda ba sun kai ƙara, sun faɗi a kotun farko, sun faɗi a ta biyu. A 2006 Kotun Ƙoli ta jahar ta ba su gaskiya. Abin da ta ce shi ne, layin da ya ba da damar gyara bai ba da damar yin komi da komi ba. Dole kowane gyara ya dace da niyyar da mutane sunka ƙulla ciniki a kanta tun farko. Wanda ya sayi gida a unguwar da ba ta da kayan haɗin gwiwa, yana sane cewa kuɗɗin fitila kaɗai ke kansa, ba a wayi gari a miƙa mashi wani sabon alƙawali a ce gyaran tsohon ne. Ku lura, kuɗɗin da ake rigima a kai ba su da yawa ga ɗan Amurka. Abin da ya tada hankalin mutanen shi ne ƙofar da anka buɗe, wadda ba a sa mata iyaka ba: bana dala 100, baɗi kuma sai abin da biro ya ga dama.

Shari'a ta biyu za ta fi shiga ran duk wanda ya taɓa ɗaure akuya. A jahar Arizona, kusa da birnin Tusan, akwai wuri mai suna Kalabiriya Ranc, parsal biyar kacal. Mutum guda yana da mafi girma, hekta 9 da ɗoriya, sauran kuwa ba wanda nashi ya kai hekta 3. Takardar farko ta ce kowa yana iya kiwon dabba shida bisa kowace hekta ɗaya da ƴan kai, ta ba da misali da dawaki da shanu, ba ta rufe ƙofa ga sauran dabbobi ba. A 2018 sauran maƙwabtan sunka gyara takardar ba da saninsa ba, ba da yardarsa ba. Sunka ce daga yau kaji da dawaki da shanu kaɗai anka yarda da su, kuma komi girman filinka kada ka wuce goma sha biyar. Sunka ƙayyade girman rumfuna da ɗakunan ajiya da tsawonsu, sunka ce kafin ka yi wani gini sai ka kawo zane maƙwabta sun amince. Ba sai an faɗa maku wanda dokar ta nufa ba. Mai ƙaramin fili ba abin da ya rasa, mai babban fili ne anka ɗaure.

A watan Maris na 2022 Kotun Ƙoli ta Arizona ta bi gyare-gyaren ɗaya bayan ɗaya da alƙalami, ta soke duk wanda takardar farko ba ta nuna alamar zuwansa ba. Ma'auninta shi ne: shin mai hankali da ya karanta takardar ranar da zai saya, zai iya hango cewa irin wanga gyara yana iya zuwa? In takarda ta yi maganar abu, ana iya fayyace shi, a cike giɓinsa, a gyara kuskurensa. Amma ba a ƙirƙiro sabon takunkumi daga sama a rataya ma wanda bai yarda ba.

Kada mu ba ku labarin gefe guda. Akwai inda masu gida sunka faɗi. A jahar Fulorida, a garin Kiliyawota, wasu mutane sun sayi ɗakuna cikin wani rukunin gidaje mai suna Woodside don su riƙa ba da haya, kuma takardar lokacin ta yarda da haka. A 1997 kashi biyu cikin uku na masu gidajen sunka ce ba wanda zai ƙara ba da hayar ɗakinsa fiye da wata tara cikin sha biyu. Wane ɗan haya zai shiga ɗakin da za a fidda shi bayan wata tara? Sana'ar ta mutu kenan. A 2002 Kotun Ƙoli ta Fulorida ta ce gyaran ya zauna, don sun saya suna sane cewa takardar tana iya canzawa. Sai dai hukuncin bai kwanta ma mutane ba, har ɗaya daga cikin alƙalan ta yi kira ga ƴan majalisa da su duba lamarin. A 2004 majalisar jahar ta yi doka: gyaran da ya taƙaita haya a irin waɗannan rukunin gidaje yana hawa kan wanda ya amince da shi da wanda ya saya bayan an yi shi, ba ya komawa baya ya kama wanda ya riga ya saya. A 2021 anka faɗaɗa wagga kariya zuwa ƙungiyoyin masu gidaje na unguwanni, in ban da gajeruwar haya ta ƙasa da wata shida, wadda ita ƙungiya tana iya taƙaita ma kowa.

Wani zai ce to, a bar takarda yadda take mana, kowa ya huta. A'a. Takardar da ba ta gyaruwa ita ma bala'i ce. A Amurka ɗin nan an daɗe ana rubuta ma filaye sharaɗin cewa ba za a saida su ga baƙar fata ba. Sai a 1948 Kotun Ƙolin ƙasar ta ce kotuna ba za su ƙara tilasta irin wanga sharaɗi ba, a 1968 kuma doka ta hana wariya wajen saye da hayar gida. Har yau akwai tsoffin takardu masu ɗauke da waɗannan layuka, ana bin su ana gogewa. Ban da wannan, rayuwa tana tafiya. Kuɗɗin gyaran hanya na shekara ashirin baya ba su isa yau, kuma abubuwa suna fitowa da masu rubutun farko ba su taɓa mafarkinsu ba, kamar faranti mai kama hasken rana bisa rufi. Gyara dole ne. Maganar ita ce ta wace hanya za a yi shi, kuma ina zai tsaya.

Hanyar ma an yi mata dokoki. Dokar Karolina ta Arewa ta unguwannin da anka tsara tana neman aƙalla kashi 67 cikin 100 na ƙuri'un masu gidaje kafin a taɓa takardar tushe, kuma wanda ke ganin an zalunce shi yana da shekara guda daga ranar da anka yi rajistar gyaran ya kai ƙara. In ya yi barci shekarar ta wuce, ya makara. A Kalifoniya ƙuri'ar gyaran takarda a asirce ake kaɗa ta, cikin ambulan biyu, kuma mai ƙidaya ba ɗan biro ba ne. In biro zai canza ƙaramar doka ta yau da kullum, sai ya sanar kwana 28 kafin nan, kuma kashi 5 cikin 100 na membobi sun isa su nemi a kaɗa ƙuri'ar soke ta. Faransa ma, wadda mu da munka yi lakkol munka fi jin yaren dokokinta, tana da dokar 10 ga Yuli 1965 bisa gidajen da mutane da yawa sunka mallaka tare. Ana aika takardar kiran babban taro aƙalla kwana 21 kafin ranar, wanda bai yarda da shawara ba ko bai halarta ba yana da wata biyu ya ƙalubalance ta, kuma dokar ta faɗa ƙarara cewa komi yawan masu rinjaye, taro ba ya tilasta ma mutum canza yadda yake amfani da ɓangaren da ke nashi shi kaɗai.

To mu dawo gida. A Nijar ƙungiyar unguwa ba ta da haƙoran HOA. Tsarin ƙungiyoyi a ƙasarmu ya taso ne daga doka mai lamba 84-06 ta 1 ga Maris 1984, kuma ƙungiya yarjejeniya ce ta mutanen da sunka shiga da son ransu. Takardar mallakar parsal ɗinka ba biro ne ya ba ka ita ba, ba shi kuma zai karɓe ta. Maganar tsabtar gari da yawon dabbobi bisa titi aikin meri ne da ma'aikatanta. Amma kowa ya san irin ƙarfin da ƙungiya take da shi a wurinmu. Kunya ce, da tsoron a ce da kai ba ka son zaman lafiya. A karanta sunanka cikin waɗanda ba su biya ba, a ce ma gardi kada ya kula da ƙofarka, a daina amsa gaisuwar matarka wurin biki. Mutum yana iya jure tarar kuɗɗi, wanga kuwa yana iya sa shi ya saida gida ya tashi.

Mun ga haka da idonmu a unguwar da muke zaune, can gefen Maraɗi, cikin sababbin lotisma. Lokacin da munka tare, gidajen ba su da yawa, ba kwalbati, ba fitila. Damina ta farko ruwa ya shiga ɗakuna, ɓarayi kuma sunka gane hanya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, sai munka kafa ƙungiya. Takardarmu shafi guda ce: jika ɗaya kowane gida a wata, a biya gardi biyu, abin da ya rage a sayo kamyon marmara a zuba inda ruwa ke kwanciya. Haka munka zauna shekaru.

Unguwa ta cika, manyan gidaje sunka tashi, anka zaɓi sabon biro na matasa masu ilimi da himma. Ba mugaye ba ne, son gyara ne ya yi masu yawa. Wata rana da dare sai ga sabuwar doka mai shafuka da yawa ta faɗo cikin gurup na WhatsApp, da Faransanci, an ce ranar Lahadi za a amince da ita. Kotizasiyo ya koma jika uku. Ba kiwon dabba, ko cikin gida. Ba shago ko injin niƙa a jikin gida. Ba a ba gwauro haya. Wanda ya saɓa a ci shi tara, a kuma karanta sunansa.

Kowane layi yana da hujjarsa, wari ne, ƙara ce, sata ce. Amma kowane layi kuma akwai wanda zai faɗa ma. Akwai gwauruwar da ke ɗaure raguna biyu kowace shekara, ta saida gab da Layya ta biya kuɗɗin lakkol na jikokinta. Akwai tsohon ma'aikacin da ya zuba duk abin da ya tara cikin ɗakuna uku na haya, su ne cinsa, su ne maganinsa. Mai injin niƙa kuwa ya riga kusan kowa zuwa wurin. Su ukun ba wanda ke cikin gurup ɗin, don ba su riƙe irin wagga salula, kuma ba wanda ke karanta Faransanci.

Ranar taro, kafin a ɗaga hannu, mai unguwa ya dubi shugaban biro ya ce: "Ɗana, ku kun karanta, mu ba mu karanta ba. A juya mana ita da Hausa, layi-layi, kowa ya ji da kunnensa." Mu da wani malamin lakkol munka karɓi aikin. Da munka iso layin dabbobi, tsohuwar nan ta gyara lulluɓinta ta ce: "Ɗiyana, ranar da munka sayi wurin ga, ko kare ba ya kwana nan. Da turkena na zo. Wa ya ce mani in na tsufa za a tumɓuke shi?" Wurin ya yi tsit. Shugaban biro ya sunkuyar da kai ya ce: "Inna, ba ke munka nufa ba." Ta ce: "To wa kunka nufa? Ni ke da raguna."

Ba a kaɗa ƙuri'a ranar ba. An ɗaga mako uku, an kai ma kowane gida kofi da Hausa. Abin da ya fito a ƙarshe ya fi na farko kyau nesa ba kusa ba. Kotizasiyo ya koma jika biyu, an rubuta abin da za a yi da shi, ma'aji kuma zai riƙa karanta lissafi duk wata uku. Dabba ba ta yawo bisa titi, mai ita zai kwashe kashinta, amma abin da ke cikin gida na mai gida ne. Injin niƙa ya samu lokacin tashi da lokacin tsayawa. Maganar hana gwauro haya an jefar da ita, an ce dai mai gida ya gabatar da ɗan hayarsa ga mai unguwa, kamar yadda anka saba tun kaka da kakanni. Ba lauya, ba alƙali, amma in kun duba da kyau, inda kotunan Amurka sunka isa bayan shekaru ana shari'a, nan taronmu ya isa ƙarƙashin bedi.

Sai dai mu sa'a munka yi, muna da dattijon da ya ce a tsaya. Ba kowace unguwa ke da shi ba, kuma ba a barin gidan mutum ya dogara ga sa'a. Tun ran gini ran zane. Kariyar mai gida cikin takardar kanta ya kamata ta zauna, tun ana shiri, tun ba a san wanda za ta cece shi ba.

Abu na farko da za a rubuta shi ne sanarwa. Duk gyaran da za a kawo, a kai ma kowane gida rubutaccensa, tsohon layi da sabon layi gefe da gefe, aƙalla mako uku kafin taro, da yaren da mutane ke ji. Saƙon gurup bai wadatar ba. A bi gida-gida, a faɗa a masallaci bayan salla, in da hali a kawo mana a rediyo mu karanta. Masu gidan da ke zaune Yamai ko Kano ko Agadas, da magadan da gidan ya faɗo hannunsu, su ma a neme su, a ba su damar wakilta wani a rubuce.

Na biyu, a bambanta ƙaramin gyara da babba. Canza ranar taro ko ranar share titi, rinjayen waɗanda sunka zo ya isa. Ƙarin kuɗɗi ko sabuwar tara kuwa sai kashi biyu cikin uku na dukan gidaje, a ƙirga har da waɗanda ba su zo ba. Unguwa mai gida ɗari, mutum goma sha biyar su zo, takwas su ɗaga hannu, a ce jama'a ta amince, wanga ba rinjaye ba ne. Kuma in maganar ta shafi aljihu ko mutuncin wani, a jefa ƙuri'a cikin kwali. A wurinmu yaro ba ya ɗaga hannu ya saɓa ma surukinsa ko maigidansa a bainar jama'a, ko da zuciyarsa ba ta yarda ba.

Na uku shi ne wanda ya fi muhimmanci a wurinmu: sabuwar doka ba ta cin baya. Wanda anka tarar da shagonsa, da turkensa, da ɗakunan hayarsa, kuma bai saɓa ma dokar ƙasa ba, ana iya tsara mashi yadda ba zai cutar da maƙwabci ba, amma ba a rufe mashi hanyar abinci da ɗaga hannu. In ana son hana wani abu gaba ɗaya, ya hau kan wanda ya yarda da wanda zai zo nan gaba yana sane.

Na huɗu, kuɗɗi su kasance da suna da iyaka. A rubuta abin da ake tara su dominsa, a rubuta iyakar ƙarin da biro zai iya yi a shekara ba tare da ya dawo gaban jama'a ba. Kalmomi irin su "da duk abin da zai amfani unguwa" suna da daɗin ji, amma su ne sunka kai mutanen Ledges kotu.

Na biyar, a bar ƙofar kuka. Bayan kowane taro a rubuta abin da anka yanke, da yawan waɗanda sunka yarda da waɗanda sunka ƙi, a sa hannu, a manna inda kowa zai gani. Wanda bai gamsu ba a ba shi wa'adi sananne ya kai kukansa gaban dattawan da ba sa cikin biro. In ƙungiyar tana da rajista, a sanar da hukuma gyaran da anka yi ma dokar tushe, don kada gobe a samu takardu biyu kowa yana riƙe da tashi.

Akwai kuma waɗanda maganar ta fi shafa kai tsaye, masu sayen gida cikin rukunin gidajen da kamfanoni ke ginawa suna saidawa, musamman a Yamai, da ƴan'uwanmu na Girinsboro da sauran biranen waje. Ku in an miƙo maku takardar sharuɗɗa tare da takardar ciniki, wagga ba takardar zumunci ba ce, alƙawali ne da kotu ke iya kama ku da shi. Kafin ku sa hannu ku nemi layin gyara. Wa ke da ikon canza ta? Da ƙuri'a nawa? Kamfanin ya riƙe ma kansa ikon canzawa shi kaɗai, har zuwa yaushe? In ba ku gane ba ku kai ma notar ko lauya. Abin da za ku biya shi bai kai kuɗɗin ƙofa guda ta gidan ba.

Mu ma masu gida akwai abin da ke kanmu. Wanda ke son a girmama ƙofarsa ya biya abin da ya yi alƙawali, ya hana ruwan wankinsa malala ƙofar maƙwabci, ya kuma zo taro. Da yawa cikinmu ranar taro ne muke tuna muna da ɗaurin aure a wani gari, sai an gama mu zo muna tambayar wa ya yanke. Ƴan biro kuwa aikin sa kai suke yi, ba albashi, sai zagi. In sun kawo shawara a saurare su da mutunci, a gyara masu inda ya kamata.

Cikin makon nan, kowa ya nemi takardar ƙungiyar unguwarsu. In sakatare ya ce ta ɓace, to kun samu abin da za ku fara tattaunawa a taro mai zuwa. In ta samu, ku zauna da wanda ya iya karatu, ku je kai tsaye ga layin da ya faɗi yadda ake canza ta, ku ƙirga mutum nawa ne sun isa su canza maku zama. Ku gaya mana abin da kunka gani, daga Zariya ta Maraɗi har Birni na Damagaram, za mu karanta saƙonninku a shirinmu na gaba. Allah ya ba mu maƙwabta na gari, ya sa mu ma mu zama na gari gare su.